Tattalin ruwa a Yamai: da mai bido ake ko da mai tiyo?

Maman Hadiza (Kwara Tegi): Salamu alaikum 'yan zaure. Ku yi haƙuri da saƙon asuba, barci ne ya ƙi zuwa. Wajen ƙarfe uku saura na ji famfo ya fara tari, na tashi na jera bido, ruwan na zuwa siriri kamar zaren ɗinki. Kafin kiran assalatu na samu bido shida da rabin tano, sai ya ɗauke. Mu tara ne a gidan. Wannan ruwan shi ne na sha, shi ne na girki, wanka, alwala da wankin kayan lekol na yara, har sai Allah ya kawo wani.

Abin da ya sa na yi magana shi ne, jiya da hantsi ina cikin taksi za ni Babbar Kasuwa, rediyo na ta faɗakarwa a yi tattalin ruwa, wai a riƙa rufe famfo in ana goge haƙori. Daidai nan muka ratsa wata unguwar manya. Ga maigadi ya jawo tiyo yana wanke mota ta uku, ya yar da tiyon a ƙasa yana amsa waya, ruwa na kwarara har bakin kwalta. Mai taksi ya dube ni, na dube shi, ba wanda ya ce uffan. To wannan wa'azin da wa ake? Ni da nake tara ruwan wankin shinkafa in ba tumaki, me ya saura da zan rage?

Ɗan Kabu-kabu: Tanti kin sosa mana inda ke ƙaiƙayi. Ni yau da buta ɗaya na yi wanka, har na rage na alwala.

Baba Tsoho (Yantala): Wa alaikumus salam. Ɗiyata, da na karanta sai na ɗauko alƙalami. In bidonku na lita 25 ne, shida sun ba da 150, rabin tano 100, ya kama 250. A raba wa mutum tara, kowa bai cika lita 28 ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki lita 20 a yini a matsayin ƙaramin abin da mutum zai lallaɓa da shi, sai an kai wajen 50 ake cewa sha, girki, wanka da wanki sun samu. Ke kam ba ki da abin ragewa, kada kowa ya ɗora miki laifi.

Amma wa'azin ba na banza ba ne, kunnen da ya dace ne bai kai ba. Ruwan famfon Yamai kusan duka daga kogin Isa ake jawo shi, a tace a Gudel da nan Yantala, a tura shi manyan shato, wato tankunan sama, daga nan ya bi bututu. Wanda ke kusa, ko wanda ke gangare, shi ke fara sha. Wanda ke kan tudu ko can wutsiyar bututu sai ya jira sauran sun rufe nasu, shi ya sa naku ba ya zuwa sai tsakar dare. Ke nan ruwan da kika gani yana bin kwalta naki ne, bai iso gare ki ba ne kawai.

Kuma ku yara ba ku ga 1985 ba. A watan Yuni na shekarar kogin nan ya daina gudu a Yamai, ni da idona na ga rairayi inda jiragen kwale-kwale ke wucewa. Bayan wannan tashin hankalin ne aka yi shingen Gudel don ya riƙe ruwa a ƙarshen rani. A ƙidayar 1988 ba mu cika mutum dubu 400 a garin nan ba, a ta 2012 mun haura miliyan ɗaya, yau kuwa ku dubi inda gine-gine suka kai ta hanyar Filinge da ta Walam. Kogin dai shi ne na jiya.

Hajiya Babba (Plato): Ina kwananku. Ni fa ban son a riƙa yi mana kuɗin goro. Duk wata ina biyan faktir ɗina, ban taɓa bari an yanke mini ba, kuma Baba ya sani, wanda ya fi sha shi ake tsawwala wa. Mita kib goma na farko ne ke da rahusa, daga nan kuɗin kowace mita sai ya hau. Ke nan mu muke ɗauke wa wasu nauyi. In na sayi abu da kuɗina, sai an gaya mini yadda zan yi da shi?

Maman Hadiza (Kwara Tegi): Hajiya, Allah ya ƙara buɗi, ban kama sunan kowa ba. Amma tunda an zo kan kuɗi, ranar da famfo bai zo ba wajen 'yan garuwa nake saye, a bazara kuwa bido ɗaya dala ashirin muke biya a layinmu, wani lokaci har da roƙo. Bido arba'in ne mita kib guda. Ki lissafa ki gani wa ya fi sayen ruwa da tsada tsakanina da ke.

Ɗan Kabu-kabu: Jika huɗu ke nan. Hajiya a duba faktir a faɗa mana.

Ɗan Adar: Ku bari in sa baki, mu da munka tashi Tawa. Can wajenmu ba kogi, abin da ke ƙasa ne, shi ma akwai wuraren da sai an haƙa ɗaruruwan mitoci kafin a taɓa shi. Innarmu cikin tasa take tsai da yaro ta yi mai wanka, ruwan tasar ta wanke tsummoki, abin da ya saura ta kai gindin bedi. Ba rediyon da ya koya mata. Manomanmu na Illela da Keita haka sunka yi da ruwan sama: a gina tassa, wato ƙananan ramuka cikin gona, a zuba taki, ɗigon da ya faɗo ya tsaya nan ya jiƙa gero, a jera duwatsu a tare wanda ke gudu. Aikin Keita da anka fara a 1984 da taimakon Italiya duk kan wannan ne, kada ruwa ya wuce banza.

To amma ga abin dariya. Ni ɗin nan da na zo Yamai na samu ɗaki mai dush, wata ukku bai cika ba na koma tsayawa ƙarƙashin ruwa ina waƙa. Ba halina ya canza ba, igiyar guga ce ta bar hannuna. Wanda ya ja da ƙarfinai shina ƙirgawa, wanda ya murɗa ƙarfe ruwa ya zo bai san nauyinai ba. Hajiya ba muguwa ba ce, ba ta gani ne.

Bagobirin Talaje: Zabarmawan zauren nan duk sun yi shiru, su da suka kwana bakin kogi suna ta facaka. Ku fito bayina, ubangidanku na kira.

Ɗan Gamkale: Bawa ba ya kiran ubangijinsa. Ka fara biyan bashin ruwan da kakanka ya sha da ya zo da jakinsa.

Ɗalibar Harobanda: Baba da iyayena, ku ba ni dama in kawo abin da muka karanta a jami'a, don maganar Kawu Ɗan Adar ita ce masana ma suka gano. A 2018 birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu ya kusa ƙafewa bayan fari na shekara uku, har aka sa ranar da za a rufe famfunan gidaje kowa ya bi layi. Daga watan Fabrairu aka ƙayyade wa kowa lita 50 a yini. Aka ce wanka kada ya wuce minti biyu, aka riƙa bayyana yawan ruwan da ya saura a madatsu kowane mako, aka sa taswira a intanet inda gidan da ya kiyaye ke samun koren ɗigo, maƙwabci na ganin na maƙwabci. Ruwan da birnin ke sha ya faɗo zuwa kusan rabin na shekarun baya, ranar ba ta zo ba. Gaskiya kam ba faɗakarwa kaɗai ba ce, an ƙara kuɗi, an rage ƙarfin ruwa a bututu, an kuma rage na manoma.

Na Bogota a Kolombiya ya fi ba ni sha'awa. A 1997 ramin da ke kawo wa birnin ruwa ya rufta. Da hukuma ta ce ana cikin haɗari, maimakon a rage sai shan ruwa ya ƙaru, kowa ya hau tarawa don tsoro. Sai magajin garin, Antanas Mokus, ya canza salo: ya fito a talabijin yana wanka, ya rufe ruwa yana saɓa sabulu, aka riƙa faɗa wa jama'a kullum nawa aka sha jiya, ana yaba unguwar da ta rage, ana fallasa masu ɓarna. Nan ne aka ga ragi. A wani gari kuma na Kosta Rika, 'yar takarda kawai aka manna a jikin faktir mai nuna wa gida ko ya fi maƙwabtansa sha ko bai kai su ba, aka samu ragin kusan kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari.

Ɗan Kabu-kabu: Wato lita 50 da ta sa su kuka har duniya ta ji, Tanti ba ta ma samu ba. Ashe mu kullum cikin ranar tasu muke.

Oga Sai Gaskiya: Ni duk wannan zancen ban yarda da shi ba. Ana so a mai da laifi kan talaka da buta. A layinmu bututu ya fashe, sati uku ruwa na ɓulɓula, mun kira har mun gaji, har kwaɗi sun tare, yara na kama tsutsa. Wannan ɓarnar ta fi ta gida ɗari. In wuta ta ɗauke injinan turo ruwa su tsaya, shi ma laifin mai goge haƙori ne? Madatsar Kandaji tun 2008 aka aza tubalinta, yaran da aka haifa shekarar sun isa aure. Kuma ƙasar da ambaliya ta ci Saga da Harobanda a 2020, ta sake yin ɓarna a 2024, ita ce za a ce ba ruwa? Manya su gyara nasu tukuna.

Baba Tsoho (Yantala): Ɗana, rabin maganarka gaskiya ce, ban musa ba. Bututun da ya fashe a gyara shi, wannan haƙƙi ne, kuma ku ci gaba da kira, ku ɗauki hoto, ku je wajen mai unguwa. Amma ambaliya daban, ruwan famfo daban. Isa sau biyu yake cika a nan: jan ruwa na Agusta da Satumba da Sirba da 'yan uwanta, kogunan da ke zuba cikinsa, ke kawowa, sai wanda ke tasowa daga Gine ya iso mana cikin sanyin Disamba da Janairu. Daga nan sai raguwa, har Mayu da Yuni ya zama abin tausayi, daidai lokacin da zafi ke haura 40 kowa na neman wanka sau uku. Ko kogi ya cika ma, tashar tacewa tana da iyakar abin da take iya fitarwa a yini, jan ruwan damina kuma laka ce, ya fi wuyar tacewa. To kafin Kandaji ta ƙare, Maman Hadiza ta daina sha ne?

Malam Na Bukoki: Salamu alaikum. Na ga an kai Kolombiya, ga shi kuwa muna da shi a gida. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yana alwala da mudu ɗaya, yana wanka da sa'i ɗaya zuwa mudu biyar. Mudun nan cikin tafi biyu ne na mutum matsakaici, bai kai lita ba. Risala da muka karanta a zaure tun muna yara ta ce ƙarancin ruwa tare da kyautata wanki sunna ne, wuce gona da iri kuwa shisshigi ne da bidi'a. Hajiya, da girmamawa, a shari'a biyan kuɗin abu ba ya halatta almubazzaranci da shi.

Amma bari in fara da kaina. Da can buta muke jerawa a masallacinmu. Wani bawan Allah ya yi mana alheri ya sa famfuna takwas a jere. Yanzu mutum zai buɗe, ya naɗe hannun riga, ya cire agogo, ya gaisa da na kusa, ruwa na zuba. Ranar nan na sa wani almajirina ya tara bokiti ƙarƙashin famfon wani dattijo ba tare da ya lura ba. Kafin ya wanke ƙafar hagu bokitin ya kusa kai rabi. Da aka nuna masa sai ya riƙe baki. Na yi huɗuba biyu kan israfi ba ta yi aikin da bokitin nan ya yi ba.

Ɗan Adar: Malam ka gani ko. Gani ya kori ji.

Amaryar Lazare: Ni matsalata daban ce, kuma na san rabin zauren nan haka suke. Gidan haya muke, ɗaki tara, kontar auna ruwa ɗaya. Ƙarshen wata a raba faktir daidai wa daida. Ni da maigidana mu biyu ne, shi ma tun safe ya fita. Ɗakin da ke kallon namu su bakwai ne, uwar tana wankau, kayan mutane take karɓowa ta wanke da ruwan da muke biya tare. Na yi wata biyu ina tattali kamar mai azumi, faktir ya zo bai ragu da ko dala ba. Sai na ce to don me? Yanzu ni ma sakin famfo nake yi, Allah ya yafe mini.

Maman Biyu: Amarya a rage baƙin ciki, wankau sana'a ce, da ita take ciyar da marayu wataƙila.

Amaryar Lazare: Yaya ba hana ta na yi ba, cewa na yi ta biya na sana'arta. Mijinta kuwa da ransa, ga shi can yana shan shayi.

Bagobirin Talaje: Mun sha wannan rigimar a gidanmu har aka kusa zuwa kwamisariya. Abin da ya raba mu: aka daina raba kuɗi da ɗaki, aka koma ƙirga kai, yaro rabin babba, mai sana'ar ruwa kamar wankau ko ƙanƙara ko lemun zoɓo ta ƙara kaso ɗaya. Aka sa kwaɗo a famfo daga goma na dare, makulli na zagayawa mako-mako. Aka kuma manna faktir a bangon zaure kowa ya gani. Wata na biyu ya sauko. Wanda ya fi kyau dai maigida ya sa wa kowane ɗaki ƙaramin kontar, amma ka san masu gidajen haya, ko ƙusa ba sa saye.

Sistar Asibiti: Ina bin ku tun safe, sai yanzu na samu sarari. Roƙona ɗaya: in za a rage, kada a rage a wajen wanke hannu da sabulu, ko wanke kwanon yaro, ko salatin da aka sayo daga lambun bakin kogi. A 2021 kwalara ta shiga jihohi da dama na ƙasar nan, wanda ya yi aiki lokacin ba zai manta ba. Kuma tanon da kuke tarawa a rufe shi, sauro a ciki yake ƙwai. A ware moɗa ɗaya mai mariƙi, kada kowa ya tsoma kofinsa. Ruwan da aka rufe da kyau ba ya lalacewa don ya kwana biyu. Ina faɗin haka ne don na san gidajen da, da zarar famfo ya dawo, sai a tuntsurar da na jiya a tsakar gida wai ya tsufa.

Maman Hadiza (Kwara Tegi): Sista, nan kam kin kama mu. Ni ban zubarwa, amma akwai wata ɓarnar da muke yi, gara in faɗa. Saboda ba mu san sa'ar da zai zo ba, famfo a buɗe muke barinsa mu kwanta. Watan jiya gajiya ta kwashe ni, na farka na tarar tsakar gida ta zama tafki, takalman yara na iyo, ruwan har ya fita ta rariya. Na zauna na yi kuka, ba don faktir ba, don na san na layin bayanmu ba su samu ko ɗigo ba a daren. Tun ranar nake kifa tsohuwar tasar ƙarfe ƙarƙashin famfo, ɗigon farko ya buga ta kamar ganga in tashi. Mu huɗu kuma a layin mun yi alkawari, wadda ta fara ji ta yi wa sauran kira ta katse.

Baba Tsoho (Yantala): Madalla da mai faɗin gaskiya ko a kanta. To ga aikin gida, kowa da ke da kontar, har da Hajiya in ta yarda. Yau da dare in an gama komai, a rufe duk famfuna, a je da tocila a rubuta lambobin kontar. Baƙaƙen mita kib ne, jajayen su ne litoci. Kada kowa ya taɓa ruwa, a tanadi buta don dare. Da asuba a sake dubawa. In lamba ta motsa, akwai ɓarawo a gidan.

Hajiya Babba (Plato): Zan yi, Baba, don in wanke kaina.

Oga Sai Gaskiya: Mu namu kontar ko ruwa babu juyawa yake, iska ce ke kaɗa shi, mu biya kuɗin iska.

Baba Tsoho (Yantala): Yana faruwa in bututu ya wofinta, ruwa na dawowa ya turo iskar gaba. Shi ya sa barin famfo a buɗe asara biyu ce. In an ɗauke, rufe babban makunnin da ke kusa da kontar, sai ka ji maƙwabta sun samu ka buɗe.

Hajiya Babba (Plato): Ina kwananku. Na dawo, kuma kunya ta ishe ni. Ƙarfe sha ɗaya na dare na duba da kaina, da zanen barci da tocila, maigadi na kallona kamar na zautu. Shida na safe na koma. Lita 310, alhali ba wanda ya taɓa famfo. Na kira mai gyara. Ya shiga bayin ɗakin baƙi, wanda sai a yi wata ba a buɗe ba, ya ɗaga murfin tankin masai, ya ce Hajiya saurara. Wata 'yar ƙara ce siririya kamar ta maciji. Robar ciki ta cinye, ruwa na silalewa dare da rana. Ya zuba ɗan shuɗin wanki a tankin, ba a yi minti biyar ba ya bayyana a ƙasa. Muka zagaya bayan gida, shaton sama shi ma ƙwallon da ke rufe shi ya lalace, yana cika yana tsiyaya ta bango. Ni kuwa shekara guda ina yaba wata ciyawa da ta fito kore shar a wajen, ina cewa albarka ce.

Gyaran duka bai kai kuɗin atamfa ɗaya ba.

Ɗalibar Harobanda: Hajiya, lita 310 cikin awa bakwai, a yini ya haura lita dubu, wato tano biyar. A wata mita kib talatin da wani abu. Gidan Tanti mai mutum tara zai kwana huɗu da abin da ke zuba a naki cikin yini ɗaya.

Hajiya Babba (Plato): Na ji, ɗiyata, ba sai kin ƙara mini gishiri ba. Maman Hadiza ki yafe mini maganar jiya. Tiyo ma na karɓe na kulle a ɗaki, na ce mota bokiti biyu da tsumma. Direba ya ɓata rai wai fenti zai karce.

Ɗan Kabu-kabu: Ki turo shi ya ga yadda nake wanke moto da rabin bokiti tana ƙyalli kamar amarya.

Maman Hadiza (Kwara Tegi): Ba komai Hajiya, Allah ya yafe mu baki ɗaya. Amma tunda ana tone-tone, akwai injin zuƙo ruwa da wasu ke haɗawa kai tsaye a bututun layi. Maƙwabcinmu ya sa, in ya kunna, namu ko tarin ma ba ya yi. Na aika yaro ya gaishe shi ya roƙa ya ba mu awa ɗaya, ya ce da kuɗinsa ya saya. Wannan kuma wane bokiti za a tara masa ya gani?

Malam Na Bukoki: Wannan cutar da maƙwabci ce ƙarara. Ki sa maigidanki ya sami limamin unguwarku, su je su uku da wani dattijo, ba da faɗa ba. Irin wannan mutumin ba ya jin mace ta aiko yaro, amma yana jin kunyar sahun gaba.

Oga Sai Gaskiya: In bai ji ba fa?

Baba Tsoho (Yantala): Injin a bayan tanki ya kamata ya zauna, ruwa ya shiga tanki da ƙarfinsa, sannan inji ya hau da shi sama. Haɗa shi a bututun layi ba daidai ba ne, ana iya kai ƙara. Amma a fara da shawarar Malam, gobe ku ne za ku ɗauki gawar juna.

Maman Biyu: Tambaya nake. Ruwan wanki ana iya ba shuka? Ina da zogala uku da lemun tsami ɗaya, ina jin tausayinsu.

Ɗan Adar: Na ɗauraya, na alwala, na wankin hatsi da kayan miya, duk ki ba su. Na farko mai kumfar omo da jabel kada ki kai gindin lemu, shina ƙone saye, ki yayyafa a tsakar gida ya kashe ƙura. In kina son su sha da kyau, samo tsohon tulu, ki bizne shi kusa da itacen har wuya, ki cika ki rufe baki. Shina tsatsowa a hankali, rana ba ta sha. Kuma da maraice ake ban ruwa, ba da rana tsaka ba. Masu na'urar sanyaya ɗaki su tara bokiti ƙarƙashinta, wanda ke ɗiga ya isa shuka.

Amaryar Lazare: Na kai shawarar Bagobiri gidanmu jiya. Mai wankau ta ce in an ƙirga kai to a ƙirga da baƙin da nake yi ranar Lahadi. Maigida ya ce zai yi tunani, wato ba zai yi ba. Faktir dai na manna shi a zaure da kaina, da safe na tarar an yi wa wani yaro jirgin takarda da shi.

Bagobirin Talaje: Ki sake mannawa, sama inda hannu ba ya kai.

Malam Na Bukoki: Mu dai mun rufe famfo shida cikin takwas, mun dawo da butoci ashirin. Dattawa biyu sun yi fushi, ɗaya ya ce zai koma masallacin gaba. Na ce a gaishe su.

Oga Sai Gaskiya: Bututun layinmu har yanzu yana zuba. Yau kwana ashirin da uku. Na turo hoto, duk mai wani sananne a wajen ya tura masa.

Baba Tsoho (Yantala): Na gani, na tura wa wani yarona. Ka rubuto mini lambar layin da wata alama ta kusa.

Maman Hadiza (Kwara Tegi): Liman ya ce sai bayan sallar Juma'a za su je wajen mai injin. Ku dakata, tasa ta fara ƙara. Ƙarfe biyu da minti goma, yau ya yi sammako. Bari in kira su Maman Biyu.